Foldar da Ba Komai a Cikinta

Lahadi

Zuwa ga Maigida,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya aiki, yaya zafin rana a bakin madatsar ruwan nan taku da ta ƙi ƙarewa? Yaya gwiwar? Ina fata kana shan maganin hawan jinin a kan lokaci, ba sai ranar da kanka ya sara ba. Mu nan kowa lafiya. Direbanku ya ce gobe da safe zai koma, kuma har yanzu waya ba ta shiga wurinku, shi ya sa na ɗauko biro.

Ka ce in daina rubuto maka wasiƙa ina cikin fushi. Da na bi wannan shawara, da tun tafiyarka ba ka ga layi ɗaya daga gare ni ba. Don haka ka gyara zama.

Sabon manajan asibitinmu, wanda bai cika wata biyar da zuwa ba, ya sayo babbar kwamfuta. Ranar Talata ya shigo ɗakin ajiyar takardu, bai ko zauna ba, ya ce in kwashe duk bayanan marasa lafiya daga tsohuwar kwamfutata in mayar cikin sabuwar, kuma in sake musu tsari. Ka san yadda nake ajiyewa: foldar shekara, a cikinta wata, a cikin wata rana, a cikin rana sunan mutum da lambar katinsa. Shi kuma yana son lambar kati a sama, a ƙarƙashinta shekara, a ƙarƙashin shekara a raba hotuna daban, gwaje-gwaje daban, takardun likita daban. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tsarin nasa ya fi nawa. Kada ka gaya wa kowa na faɗa.

Folda dubu goma sha tara ce, Maigida, ta shekara goma sha huɗu, ya kuma ba ni mako biyu. Na tambayi mai gyaran kwamfutarmu ko akwai dabara, ya ce shi haɗa waya ne aikinsa, abin da ke ciki nawa ne. Na yi masa kallon da kake cewa yana tsinka madara, na fara da hannu. A kwana uku na yi ɗari huɗu. In na ci gaba haka, sai na wuce wata shida. Wuyan hannuna ya kumbura, amma ba shi ne damuwata ba. Sau biyu hannuna ya goce na jefa takardar wata cikin foldar wani. Na gani na gyara. Wanda ban gani ba fa? Shekara goma sha huɗu takardar mutum ɗaya ba ta ɓace a hannuna ba, kuma takarda a wurinmu mutum ce. In ta ɓace, ba wanda zai sake tuna mai ita sai ranar da aka kawo shi a kwance.

Jiya ɗanmu Babba ya zo da matarsa Amarya. Shekara uku da aurensu, har yanzu ban samo mata wani suna ba. Ta ga hannuna a ɗaure ta tambaya, ni kuma da ma neman wanda zan juye wa nake yi. Ka san ban taɓa ɗaukar aikinta na kwamfuta da muhimmanci ba, danne-danne nake ce masa. Ta bari na gama faɗana tas, sannan ta ce a hankali wai wannan ba aikin mutum ba ne, aikin na'ura ne. Za ta rubuta wa kwamfutar jerin umarni, ɗan shiri ke nan, ya bi folda ɗaya bayan ɗaya, ya karanta lambar kati daga sunanta, ya gina sabon wuri, ya kwafe abin da ke ciki ya kai. Na ce mata bayanan marasa lafiya ba abin kallo ba ne. Ta ce ba ta buƙatar buɗe ko ɗaya, za ta ƙirƙiri foldoji na ƙarya da sunan Wane da Wance ta yi gwaji a kansu a gida.

Awa biyu ta yi tana yi mini tambayoyi kamar lauya. Yaya nake rubuta kwanan wata, me nake yi in mutum biyu suna ɗaya, ta ina ake gane hoto daga takarda. Sau uku ta tambaye ni ko akwai wata al'ada tawa da ban faɗa ba, irin abin da hannu ya saba har baki ya manta. A na ukun na ce mata ni ba tsohuwa ba ce da zan manta aikina. Babba ya ce Mama a yi haƙuri, na ce ya ci gaba da kallon ƙwallonsa.

Gobe zan nemi izinin babbar likita. Ka gaida abokan aikinka, ka kuma rage gishiri.

Taka,
Uwar yara

*

Talata

Maigida,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Na samu taka, na kuma ga inda ka rubuta cewa in sassauta wa yarinyar. Wa ya ce maka na matsa mata? Yaya gwiwar, ka samu man shafawar da na aiko?

An gama. Ka sake karantawa, don ni ma sai da na maimaita wa kaina.

Babbar likita ta yarda tun makon jiya, da sharaɗin ina zaune a wurin. Jiya Amarya ta ɗauki hutun rabin yini daga wurin aikinta ta zo ɗakina. Ka san ɗakin: taga ɗaya, fanka mai kuka, kujera biyu, ɗaya ƙafarta gajera. Ta zauna a kan gajerar. Da farko ta sa shirin ya yi gwajin banza, wato ya faɗi abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba. Allo baƙi, rubutu fari yana gudu kamar ana korarsa. Ta tsayar, ta zaɓo mutum ashirin ta ce in duba ko inda za a kai su daidai ne. Na duba da niyyar kama kuskure, ban samu ba.

Manaja ya leƙo ya ce a kwashe gaba ɗaya kawai, kada a tsaya kwafa, ya fi sauri. Ta miƙe ta gaishe shi, ta ce ranka ya daɗe, abin da aka kwafa in ya lalace akwai na asali, abin da aka kwashe kuwa sai dai addu'a. Ya juya ya fita. Ni da na yi kusan wata biyar ina neman kalmar da za ta rufe bakin mutumin nan, ga yarinya ta yi da ladabi har da rusunawa.

Minti arba'in ya ɗauka. Na haɗa mana shayi, kafin ya huce an wuce shekara shida. Da ya tsaya ta sa ya ƙirga: fayil dubu sittin da ɗaya da ɗari biyu da huɗu a tsohuwar, haka nan a sabuwar, ba ragi ba ƙari. Akwai folda ɗari biyu da goma sha biyu da ya rasa inda zai kai, ko babu lamba a sunan, ko lambar ta yi gajarta. Bai yi musu shaci-faɗi ba, ya tara su a wuri guda mai suna "a duba". Na yini yau ina gyara su. Yawanci kuskuren yatsuna ne. Wannan ma kada ka gaya wa kowa.

Jiya bayan an gama, Manaja ya tara ma'aikata ya ce mun yi nasara. Mun. Na kalli hannunsa ban ga ɗauri ba. Ya kuma sa hannu a goge tsohuwar kwamfutar ranar Juma'a a ba ɗakin magani. Amarya ta roƙa a bar ta ko wata guda, ya ce masu magani sun daɗe suna jira.

Ga abin da ke damuna. Da Amarya za ta tafi na raka ta bakin ƙofa, na shirya magana mai kyau a raina, irin ta cikin littattafan da kake cewa sun cinye rabin ɗakinmu. Da na buɗe baki abin da ya fito shi ne, ba laifi. Ta yi murmushi ta ce Mama a huta gajiya. Kai ka san "ba laifi" a bakina lambar yabo ce, shekara talatin kana rayuwa a kanta. Ita ba ta sani ba. Yarinyar nan ta ɗauke mini dutse daga ƙirji, kuma ta yi shi ba tare da ta sa na ji kamar na tsufa ba.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka,
Uwar yara

*

Alhamis

Maigida,

Ina gaisuwa, ina fata kana lafiya. Na shigo gida yanzu, ko takalmi ban cire ba.

Akwai abin da nake yi da ban taɓa gaya maka ba, don ban ɗauke shi abin faɗa ba. Mu ba mu da babban ɗakin gwaji. In likita ta yanko ɗan nama ko ta ɗebi wani abu da sai an duba, waje muke aikawa. Ranar da aka aika, sai in buɗe folda mai suna "sakamako" a cikin foldar mutumin, in bar ta wayam. Ranar da sakamako ya dawo, in saka shi ciki. Kowace Alhamis da safe nakan bi foldojin wata uku na baya, duk wadda na tarar babu komai, in ɗaga waya in tayar wa masu gwajin hankali. Ba a rubuce yake a ko'ina ba. Foldar da ba komai a cikinta ita ce rajistata. Ita ke gaya mini akwai mutum a gida yana jira.

Yau da safe na zauna in yi aikin Alhamis a sabuwar kwamfutar. Babu ko ɗaya. Shirin ya kwafe kowane fayil, amma foldar da ba fayil a ciki ya tsallake ta, don a ganinsa shara ce. Lissafin da muka yi murna da shi ya yi daidai ne saboda fayil ya ƙirga, su kuwa ba su da abin ƙirgawa.

Na ruga in duba tsohuwar. Tebur wayam. Mai gyaran kwamfuta ya zo jiya bayan na tashi, wai ya ga yana da sarari, me zai sa ya jira Juma'a. Mutumin da in ka kira shi Litinin sai Laraba, ranar da ake so ya makara ya zo da wuri. Na same ta a ɗakin magani an goge ta fes, suna buga sunayen ƙwayoyi a kanta.

Na san mutum wajen talatin ke jira, amma sunan bakwai kawai na iya tunawa. Na kira Amarya a wurin aikinta. Maigida, ba zan ɓoye maka ba. Na ce mata ta share mini mutane. Na ce laifina ne da na bar 'yar danne-danne ta shigo ɗakin da ake riƙe da rayukan jama'a. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan sa a takarda ba. Ta ce kada in taɓa komai, ga ta nan.

Kafin azahar ta iso, idonta ja. Ba ta tanka maganar waya ba. Ta zauna a gajerar kujerar ta buɗe wani fayil a sabuwar kwamfutar da ban san da shi ba. Ashe duk abin da shirin ya yi sai ya rubuta, layi bayan layi: na ga kaza, na kai kaza. Wanda ya tsallake ma ya rubuta cikakken sunansa da inda yake, ya ƙara da cewa babu komai, an tsallake. Ta ce ba ta taɓa sakin shiri ya yi aiki ba tare da ya bar sawu ba, haka aka koya mata, ko da ba wanda zai karanta.

Foldoji marasa komai sun haura dubu, yawanci tarkacen da aka buɗe bisa kuskure. Ta tace ta bar masu suna "sakamako" kawai. Na sa rai da talatin. Sittin da uku suka fito.

Ashirin da tara na wata ukun nan ne, waɗanda nake bibiya. Sauran talatin da huɗu tsofaffi ne, wasu shekara biyu, wasu bakwai. Ka gane? Wata uku nake dubawa. In masu gwaji suka yi ta ce mini yana hanya har watan ya fita daga cikin ukun, shi ke nan mutumin ya koma bayana, ban sake waiwayarsa ba. Ni da nake bugun ƙirji takarda ba ta taɓa ɓacewa a hannuna ba. Takarda ba ta ɓace ba, gaskiya ne. Wadda ba ta zo ba ce ban lura da ita ba.

Amarya ta ce laifinta ne, don ita ta yanke shawarar tsallake su ba ta tambaya ba. Na ce ta tambaya har sau uku, ni na hau ta da faɗa. Ta ce a'a, na ce ta yi mini shiru. Karo na farko ke nan a rayuwata da na yi gardama ina neman a ba ni laifi, kuma na ci.

Na kai wa babbar likita jerin da hannuna, na gaya mata komai. Gobe za mu fara bi ɗaya bayan ɗaya. Ka taya mu da addu'a.

Taka,
Uwar yara

*

Laraba

Zuwa ga Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya aiki? Na ji an ɗaga dawowarku zuwa ƙarshen wata. Ban yi mamaki ba, ban kuma ji daɗi ba. Ka yafe mini shirun mako uku. Na samu wasiƙunka biyu, na karanta ta biyun sau da yawa.

Ashirin da taran nan duk mun mayar musu da foldojinsu, goma sha takwas har sakamakonsu ya iso. Tsofaffin talatin da huɗu kuwa, ashirin da bakwai sakamakon yana nan a takarda cikin katinsu, likita ta gani tun tuni, ni ce ban ɗauki hotonsa na saka ba. Shida sun je sun karɓa da kansu ko sun sake gwajin a wani wuri. Na kira kowannensu. Wani dattijo ya ce Allah ya yi mini albarka da na tuna da shi bayan shekara huɗu, na rasa inda zan sa kaina.

Saura ɗaya. Ba zan rubuta sunanta ba, ka san ƙa'ida. Malamar firamare ce, ba ta kai arba'in ba. Wata goma sha ɗaya da suka wuce aka ɗebi samfuri daga wani ƙullutu a wuyanta. Masu gwajin sun gama tun a mako na uku, suka rubuta lambar kati ba daidai ba, takardar ta zauna a wurinsu ba mai nema. Sakamakon ba mai daɗi ba ne.

Likita ta ce ita za ta kira ta, na ce a bar ni in fara. Na tarar tana aji, ina jin yara suna karanta jadawalin lissafi a bayanta. Da ta zo ta ce ita ta ɗauka lafiya lau ne, tunda an gaya mata in akwai matsala za a kira ta. Maigida, ni na gaya mata haka. Kullum haka nake ce musu, da murmushi. Na gaya mata gaskiyar abin da ya faru ban rage ba. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta dai tambaya ko za a iya jira sai an gama jarrabawar yara. Likita ta ce a'a.

Ranar Litinin aka yi mata aiki. Likita ta ce an yi jinkiri, amma irin wannan a hankali yake tafiya, tana kyautata zaton an cim masa. Da ba a yi wannan ƙaura ba, da shirin nan bai rubuta abin da ya tsallake ba, da har yau tana gaban allo da alli a hannu, ni kuma ina nan ina yabon kaina.

Manaja ya so ya rubuta mini takardar gargaɗi. Na ce ya rubuta, na cancanta, in ya gama ya kawo in gyara masa nahawun. Babbar likita ta ce a maimakon haka in rubuta duk al'adun da ke kaina a takarda. Na cika shafi tara, ashe ni kaina tsohuwar kwamfuta ce da ba a taɓa kwafa ba.

Ranar Asabar na je gidan Babba. Na kore shi ya je ya sayo abin da ba a buƙata. Na ce wa Amarya abin da na faɗa a waya ƙarya ne, na kuma san ya yi ciwo. Na ce mata na gode, da cikakken baki, ba "ba laifi" ba. Ta yi kuka, ni kuma wani abu ya shiga idona. Daga nan ta ce Mama, ai wata uku ɗin nan ne matsalar, ta ɗauko kwamfutarta. Ta rubuta mini wani ɗan shirin, layi bai fi ashirin ba, ta sa na buga layin ƙarshe da yatsana. Yanzu kullum da safe, da na kunna, yakan bi asibitin gaba ɗaya tun daga shekarar farko, ya jero mini duk foldar "sakamako" da ba komai a ciki, da kwana nawa ta yi tana jira.

Abin da aka cire a wuyan malamar an aika da shi gwaji, shi zai nuna ko an kwashe duka. Ni na buɗe mata foldar da hannuna. Yau da safe tana layi na goma sha biyu, kwana biyu. Masu gwajin sun ce sai kwana goma. Na kira su jiya, na kira su yau. Mai ɗaukar wayar ya fara gane muryata, yana ce mini Hajiya ai jiya kika kira. Na ce masa gobe ma ni ce.

Ka kula da kanka, ka dawo mana lafiya. Amarya tana gaishe ka.

Taka har kullum,
Uwar yara